Wayar Taubashina Ta Daina Shigowa

Zuwa ga Mai Girma Ministan Harkokin Waje,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ban girma, ranka ya daɗe.

Sunana Nasiru, daga Taloka ta Goronyo. Karatun allo na yi. Kowa garinmu ya san ni da tsokana, ni ke ɗaure wa liman takalmi da igiya. Amma yau ba wasa ya kawo ni ba.

Na ɗaya. Ina da taubashi, Hamidu ɗan kawuna, mai shayi a wani ƙauyen Nijar bakin iyaka. Kullum mukan yi waya mu zagi juna, ni in ce masa bawana, shi ya ce mini ɓarawon albasa. Cikin zagin nan yakan gaya mini in baburan 'yan bindiga sun tsallako sun nufo wajenmu. Sai in sanar da mai gari, kowa ya bar gona da wuri.

Na biyu. Tun da gwamnatocinmu sunka ɓata, anka rufe iyaka, anka fara maganar yaƙi, Hamidu ya daina kira. Ko da anka buɗe hanya, tsoron bai tafi ba. Saƙonsa na ƙarshe shi ne can wajensu mai yawan kiran Najeriya ana yi masa kallon ɗan leƙen asiri. Ranar da ake cirar albasa, babura sunka iso babu wanda ya sani. Sun tafi da yayana Bello daga cikin gona. Har yau yana daji. Inna ba ta cin abinci sai an matsa mata.

Na uku. Ina jin rediyo: ana cewa gwamnatinmu na bayan Faransa, ta Nijar ta kama Rasha, Amurka na nata lissafi. Ranka ya daɗe, wane ne cikinsu ya san ko hanyar Rabah da ke nan kusa da mu? Ku gaisa da kowa, ku yi ciniki da kowa, amma kada ku ɗauki faɗan wani ku kawo mana gida. Na sha haɗa manyan samari faɗa a dandali, na san yadda ake kayar da ƙato. Ba ƙarfi ke ƙare masa ba. Zuga ce ke hawa kansa, ya tsokani na gaba alhali na baya na riƙe da ƙafarsa. Ƙasar da daji ya fi ƙarfinta, mi ya kai ta ɓata da maƙwabci?

Roƙona, ku zauna da mutanen Nijar ko da ba ku son fuskar juna. Sojanmu da nasu su koma gaya wa juna abin da ke tsallaka iyaka. Talaka ya kira ɗan uwansa ba tare da tsoro ba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa ka gama lafiya, Ya dawo mana da Bello.

Wayata na cike da caji. Ranar da Hamidu ya kira, na yi alkawari zan bari ya fara zagina.

Wassalam.

Nasiru, Taloka.