Ranar da Muka Ci Abinci da Zafinsa

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, ruwan farko bayan dogon rani, wadda murmushinta ya sa na buga wa babban yatsana guduma sau biyu a wuni ɗaya ban ji zafi ba sai da na koma gida.

Ina sake yi miki ta'aziyyar Kaka. Yau wata guda cif da muka kai ta makwancinta, kuma wata guda ke nan da kike wuce ƙofar shagona kamar ba ki taɓa sanin wani kafinta ba. Na san dalili. Tun farko kin ce ba za ki aure ni ba sai kakar mahaifinki, wadda ta raine ki, ta sa albarka. Ga shi ta tafi tana da shekara ɗari da uku, kin ce ba ki ji ta sa ba, don haka magana ta ƙare. Haba masoyiyata! Kafin ki yanke mini hukunci, ki bari in kawo hujjata.

Kin tuna yadda na shigo gidanku? Ranar da Kaka ta cika shekara ɗari ta aika a kira mata kafinta ya auna ta, wai bana za ta tafi wurin Ubangijinta kuma ba ta yarda a saka ta a akwatin da aka yi da gaggawa ba. Na shigo da abin awona, ke kuma kika fito da kofin shayinta a hannu. Wayyo ni! A nan lissafi ya ɓace mini. Na rubuta tsawonta a wurin faɗi, faɗinta a wurin tsawo. Washegari na dawo in gyara, jibi ma na dawo. A zuwa na biyar ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, “Mai Guduma, a shekaruna ba na ƙara tsawo. Idan wani abu kake nema a gidan nan, ka zo ranar Lahadi ka ci abinci kamar mutum.”

Na zo kuwa, ban san abin da ke jirana ba. Wane ne bai san addu'ar Kaka ta kan tebur ba? Tana farawa da mijinta da ya rasu shekara hamsin da suka wuce, ta bi 'ya'yanta takwas, na raye da matattu, ta sauko kan jikoki da tattaɓa-kunne, kowa da sunansa da ciwon da ke damunsa. Ta roƙa wa fasto gajerta wa'azi, ita da ba ta taɓa gajerta komai ba. Ta roƙa wa direban motar da ya taɓa fantsama mata ruwa shiriya. Miya ta huce, mai ya daskare a samanta, kawunki yana gyangyaɗi da cokali a hannu, ita ko a jikinta. Sai can a ƙarshe ta ɗaga murya ta ce, “Ya Ubangiji, ka dubi yarinyar nan, ka aiko mata miji mai hankali.”

Ina zaune a gefenki fa! Da sabuwar rigata! Kowa ya ce amin, ni na yi shiru, sai na ji tsinin lemarta a haƙarƙarina. Na ce amin. Shekara uku, rabin raina, kowace Lahadi ina cewa amin a kan a aiko miki wani. Wane masoyi ne a duniya ya taɓa sa hannu a takardar korarsa sau ɗari da hamsin, yana kuma godiya saboda abinci mai sanyi? Ke kuwa kina sunkuyar da kai, kafaɗunki suna rawa, wai addu'a ce ta ratsa ki.

Ban taɓa jin haushinta ba, sai dai kaɗan. Yaya za ka ji haushin matar da ta share majami'a kowace Asabar har shekara sittin, ta binne fastoci huɗu, kuma kowannensu ya taɓa zuwa yi mata addu'ar ban kwana? Matar da take waƙa baiti ɗaya a bayan mawaƙa, da ƙarfi, har sai su suka koyi jiranta? Jakarta kullum da alewa don yaran da ke kuka, lemarta kuma don manyan da ke barci. Da hannu ɗaya ta riƙe marayu uku da ba nata ba, ta kuma riƙe ki tun kina cikin zanen goyo. Duk lokacin da ta tambaye ni ina akwatinta, sai in ce saura awo ɗaya. Ta san ƙarya nake yi, na san ta sani.

Yanzu ga hujjata, ki natsu. Ki tuna Lahadinta ta ƙarshe. Kin tuna kawunki ya ƙona harshe? Ya saba da miya mai sanyi, ya kai cokali baki ba tare da ya hura ba, ya yi tsalle har kujera ta faɗi. Me ya sa miya take da zafi a ranar? Domin addu'a ta gajarta. Kaka ta bi mijinta da 'ya'ya da jikoki, har direban nan bai tsira ba. Da ta iso kanki sai ta ce, “Na gode maka saboda yarinyar nan,” ta rufe da sunan Yesu. Babu miji mai hankali. Kowa ya ce tsufa ne, ta manta. Kaka? Matar da ta riƙe sunan mutum sittin da bakwai a ka, har da wanda aka haifa makon jiya, ita za ta manta da roƙon da ta fi so? Ba mantuwa ta yi ba, tauraruwata. Ai mutum ba ya ci gaba da roƙon abin da aka riga aka ba shi.

Akwai kuma abin da ban gaya miki ba. Da kika kwashe kwanoni kika shiga kicin, ta jawo ni da lanƙwasar lemarta ta ce, “Na roƙi mai hankali shekara uku, kullum na buɗe ido kai nake gani. Na daina gardama da Ubangiji. Gobe ka kawo mini akwatina, abin da ya tsayar da ni ya ƙare.” Na yi dariya, na ce saura awo ɗaya. Ba ta yi dariya ba. Litinin na kai shi, ta shafa murfin ta ce ya yi. Laraba da safe kika kai mata shayi ba ta tashi ba.

Na yi kuka a shago har katako ya jiƙe, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ina kewarta. Ranar Lahadi na zuba abinci ni kaɗai da zafinsa, na ture shi gefe sai da ya huce.

Ba na cewa ina da hankali, furen zuciyata, ita ma ba ta ce ba. Amma idan kin yarda, zan gyara ƙafar teburin Kaka da ke rawa, zan koyi sunaye sittin da bakwai ɗin, kuma zan zauna a gefenki har mu ma mu tsufa mu gunduri jikokinmu da addu'a. Lahadi mai zuwa za ki same ni a bencinta na majami'a, layi na uku kusa da taga. Idan kin zo kin zauna, na ji amsarki.

Naki har ranar da wani kafinta zai zo ya auna ni,

Mai Guduma