Ranar da Aka Bar Igiyar Abba a Ƙasa

Zuwa ga yayana abin alfaharina, Bhaiya Sazzad,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Bhabi Rokeya da ɗanmu Tanvir, ya ba ƙafafunka ƙarfin jure tsayuwar masana'anta, ya sauƙaƙa muku zaman baƙunta. Mu nan sai godiya. Ambaliyar bana ta yi mana kara, a bakin matakala ta tsaya ta juya. Ciwon bayan maigidana Delwar yana nan yadda ka sani, yau ya buɗe shago, gobe ya wuni a kwance yana ba rufin ɗaki labari. Yara suna zuwa makaranta, Mitu har ta fara gyara mini Turanci ba tare da na roƙe ta ba. Mahaifiyarmu Ammu kuwa gwiwoyinta sun matsa mata, amma har gobe ba ta yarda wani ya kusanci tukunyar kifinta.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna, ni da muke waya da kai kowace Juma'a. Ka dame ni da tambayar hoton bikin sallamar Abba, ni kuma na yi ta yi maka kwana-kwana, yau waya ta cika, gobe babu caji. To, wayata lafiyarta ƙalau, Bhaiya. Babu hoto ne, ban ɗauka ba, kuma na gode Allah da ban ɗauka ba. Abin da ya faru ba zan iya faɗa maka shi ina jin numfashinka a kunnena ba, shi ya sa da na ji surukin innarmu Khala Jobeda zai koma wajenku can Johor na zauna na rubuta, ya miƙa maka hannu da hannu.

Ka bar gida tun kafin in fara aiki, saboda haka a wajenka ofishin hukumar gari ba komai ba ne illa ginin nan mai ruwan ɗorawa da muke kai wa Abba abincin rana. A wajena kuwa gida ne na biyu. Tagata tana ƙasa kusa da matakala, nan nake rubuta wanda aka haifa da wanda ya rasu, wani ya zo da dariya, na bayansa ya zo da jajayen idanu. Daura da ni masu ba da lasin riksha, keken haya, ne, kullum cikin cacar baki da matuƙa. Da sassafe matan rigakafi su ɗauki akwatunan ƙanƙara su bazu cikin unguwanni, masu feshin sauro su bi bayansu, masu gyaran fitilun titi su fita da tsaninsu guda ɗaya da suke rigima a kansa. Sashen ruwa na Abba yana can baya. A cikin mutanen nan duka babu wanda bai taɓa shan shayin Abba ba, babu wanda bai taɓa zuwa a gyara masa takardar hutu ko a roƙar masa gafara wajen manya ba. Ina faɗa maka wannan ne don ka san su wa suka tsaya a farfajiyar nan ranar.

Tushen maganar tun rani ne. Famfunan unguwar masunta suka ƙafe, mata suna zuwa su zauna a ƙofar ofis da tulunansu. Abba ya bi layin bututu da ƙafa, ka san shi, har ya tarar an fasa babban bututun an ja wani ƙato zuwa masana'antar ƙanƙarar surukin Ciyaman ɗin hukumarmu. Aka ba shi shawara ya kau da kai tunda ritayarsa ta kusa, ya ce shi ma ai saboda ta kusa ne ba zai bar wa na bayansa ƙazanta ba. Ya sa aka datse bututun da rana tsaka, ruwa ya koma wa masunta. Ciyaman bai ce uffan ba, ko a fuska bai nuna ba. Mu da muka san shi, wannan shirun ne ya fi ba mu tsoro.

Ka tuna muna yara Abba ya kai mu kallon sallamar tsohon injiniya, aka sa shi a motar ofis, direba ya kashe inji, ma'aikata tun daga manya har masu shara suka kama igiyoyin furanni suka ja shi har bakin ƙofa? Tun ranar Abba yake cewa ba lambar yabo yake so ba, shi dai a ja shi haka, don wannan ne kaɗai shaidar da ba a rubuta wa mutum a kan umarni. Ammu ta shirya wa ranar kamar biki. Ta gayyato Khala Jobeda da su baffanmu Chacha Mosharraf daga ƙetaren kogi, ta kwana biyu tana suyar wainar pitha, ta sa wa Abba farar rigarsa sitati har tana iya tsayuwa ita kaɗai. Ni aka ɗora wa rabon kayan zaƙi, aka ba ni babban faranti cike da rasgulla.

A zauren taro komai ya tafi daidai, sai dai gajarta. Aka yi jawabai, aka ba Abba lema da darduma da sandar dogarawa kamar yadda aka saba, aka rataya masa furanni a wuya. Ciyaman bai sauko ba, wai yana da baƙi. Abin da ban sani ba sai daga baya, tun safe sakatarensa ya zaga ofis-ofis yana dariya yana cewa maigida yana son ya ga wa da wa Allah ya hore wa ƙarfin jan mota, don akwai unguwannin bayan gari da suke neman ƙarfafa irinsu. Bai hana kowa ba, ka lura. Aka fito farfajiya, Abba ya shiga gaban mota, Babul direba ya kashe inji, aka shimfiɗa igiyoyi biyu a ƙasa, sun sha furanni gwanin kyau. A daidai nan aka ji ƙarar jan kujera a barandar sama. Ciyaman ne ya fito da kofin shayinsa, ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kallonmu.

Bhaiya, ban taɓa ganin mutane masu yawa haka sun rasa abin yi da hannuwansu ba. Shugaban masu lasin ya ciro waya ya kafa mata ido. Wani mai feshin sauro ya durƙusa yana gyara igiyar takalmi, alhali silifa ce a ƙafarsa. Yaran sashen ruwa, waɗanda Abba ya koya wa riƙon sifana, suka koma bayan bishiyar mangwaro suna leƙe. Ni ina tsaye a gaba-gaba, igiyar dama tana kusa da yatsun ƙafata, da na sunkuya kaɗan da na taɓa ta. Monowara Apa ta rigakafi ta matso ta raɗa mini wai in tuna har yanzu ni 'yar wucin gadi ce, takardun tabbatar da ni suna kan teburin mutumin da yake sama, mijina kuma ba lafiyayye ba ne. Ba zan ɗora mata laifi ba. Magana kawai ta yi, ba ta riƙe mini hannu ba. Ni na ƙanƙame farantin da hannu bibbiyu, ina gaya wa kaina ai hannuna a cike yake, alhali ga benci nan a gefena babu kowa a kai.

Abba yana zaune yana murmushi da farko, yana zaton jiran juna ake yi. Daga nan murmushin ya fara yi masa nauyi. Ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya ta gilashi, har ya iso kaina. Da ya harare ni da na ji sauƙi. Ɗauke ido ya yi da sauri, kamar wanda ya buɗe ƙofa ya tarar da mutum yana sauya kaya, don kada in ji ya gan ni. Wallahi har na mutu ba zan manta da wannan ɗauke idon ba.

Sai ga Ammu ta taso daga cikin baƙi. Ta miƙa wa Khala jakarta, ta ɗaure gefen sarinta a ƙugu, ta tako da gwiwoyin nan nata tana ɗingishi har gaban mota. Ta ɗaga kai sama ta ce, da muryar da take kiran mai kifi daga ƙarshen layi, ita dai ba ta cin albashin kowa, wanda ya isa ya yi mata canjin wurin aiki ya mayar da ita kicin, can ma ta fito. Ta sunkuya ta ɗauki igiyar, ta naɗe a hannu, ta ja. Motar ko gezau. Ta sake ja, furanni suka yi ta tsinkewa suna zuba a ƙafarta, ita kuwa sai nishi take tana cewa, "Babul, ɗan banza, ko ka taka birki ne?" Babul bai taka komai ba, kansa yana kife a kan sitiyari. Ina nan tsaye da faranti, uwata tana jan mota ita kaɗai a gabana.

Chacha Mosharraf da sauran 'yan uwa suka yunƙura za su kama mata, amma Abba ya riga su buɗe ƙofa. Ya ɗaga musu hannu ya ce su zauna, igiyar nan ta waɗanda aka yi aiki tare ce, in baƙo ya ja ta ba ta shaida komai. Ya ƙarasa wajen Ammu ya warware ta daga hannunta a hankali, ya ajiye a ƙasa inda take. Ya juyo ya yi wa kowa sallama, ya ce wanda ya ɓata wa a tsawon zaman nan ya yafe masa. Ya buɗe sabuwar lemar ya rufa wa Ammu, suka taka har ƙofa, ya tsayar da riksha da kansa.

Da a nan abin ya tsaya ma. Ba su gama ɓacewa ba sakatare ya leƙo daga sama ya ce maigida ya ce a hau da kayan zaƙin nan kada su lalace. Na hau, Bhaiya. Da ƙafafuna na hau matakalar nan na miƙa masa faranti. Ya zaɓi babba ya jefa a baki, ya dube ni sama da ƙasa, ya kama sunan Abba ya ce wa sakatarensa, ashe Tofazzal Mridha ya haifi mai hankali, daga ina ta samo shi? Suka yi dariya. Ni ma bakina ya motsa, ban san ko dariyar ce na taya su ba.

Tun ranar Ammu ba ta yi mini magana kai tsaye ba. Tafin hannunta ya saɓule, na kawo magani zan shafa mata, ta ce wa Mitu ta gaya wa uwarta ta bar shi, kada hannunta mai daraja ya gaji. Ban ji haushi ba, na ma fi son hakan. Abba ne ya fi ƙarfina. Na same shi yana gyara famfon tsakar gida, na durƙusa zan fara magana, ya tare ni ya ce da na taɓa igiyar nan da ya yi fushi da ni, mai 'ya'ya ba ta wasa da abincinsu, na yi daidai. Yana faɗa yana ɗaure noti ɗaya da ya riga ya ɗauru tun tuni. Kullum da yamma sai ya tambaye ni mutum nawa suka zo tagata, ko na sallami kowa kafin in tashi, amma bai ƙara ambaton sunan kowa a ofishin nan ba, kuma in za shi masallaci ta bayan kasuwa yake zagayawa don kada ya bi ta ƙofar.

A makon jiya takardar ta fito, an tabbatar da ni. Abin da na yi shekaru ina roƙo a kan darduma ya zo, na karɓa na shiga banɗakin ofis na yi kuka. Na so in ɓoye a gida, Delwar ya riga ni faɗa. Abba ya tashi ya sa farar rigar nan, ya tafi shagon kayan zaƙi da kansa, ya dawo ya bi maƙwabta gida-gida yana rabawa yana cewa Shiuli ta zama cikakkiyar ma'aikaciyar gwamnati, a taya shi murna. Ya dawo da guda ɗaya a takarda ya ce nawa ne, ya tsaya a kaina sai da na ci. Na haɗiye shi, shi ma ya san yadda aka yi na samu, ni ma na san ya sani.

Ka gaishe mini da Bhabi Rokeya, ka ce mata zanen da ta aiko ya yi wa Mitu daidai. Ka shafa mini kan Tanvir. Delwar da yara suna gaishe ku, Khala Jobeda ta ce a tuna maka man zafin da ka yi mata alkawari. Ammu ba ta san na rubuta ba, kada ka nuna mata ka ji. In ka kira ranar Juma'a, kada ka ƙara tambayar Abba hoto. Ya ƙosa ya ba ka labarin samun aikina da bakinsa, in ya faɗa ka yi masa barka da murya mai daɗi. Ni kuwa in an miƙo mini wayar, don Allah kada ka yi mini barka.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Shiuli