Teburin Nazeer

Koki, Kano

Zuwa ga Yaya 'Yardada,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ke da maigidan da yara kuna lafiya a Kumasi, Allah ya ƙara sauƙin ciwon ƙafar nan. Mu nan alhamdu lillahi, Sa'ida ta sauka lafiya, an samu mace.

Yaya, maganar ɗanki Nazeer ce. Kin san ni, ban gaji jari ko na allura ba. Maigidana ya yaye ni da tebur ɗaya a bakin rumfarsa a Ƙofar Wambai, da takalma kaɗan, daga nan na zama abin da na zama. Da kika ba ni Nazeer na ce miki haka zan yi masa, kuma ya yi min hidima ba ha'inci. Bayan sallah na sa kafinta ya buga masa tebur, na tara 'yan layinmu aka yi addu'a, aka raba goro, na faɗa a gaban kowa cewa daga yau shi ma maigidan kansa ne. Sati bai zagayo ba ma'aikatan gwamnati suka zo da mota suka kwashe duk teburan bakin titi, har da nasa. Na bi su ofis da babbar rigata, wani ya ce min zamanin tebur ya wuce, a nemi shago.

Na nema. Masu shago sai kuɗin shekara biyu a dunƙule, ni kuwa kasuwar ta ja baya, ko iyalina ban faɗa wa ba. Banki suka ce in kawo takardar gida. Gidanmu na gado, wa ya taɓa yi masa takarda? Yanzu Nazeer ya dawo rumfata yana zaune, wanda aka yaye kuma ba ya komawa yaron shago. 'Yan layi na tsokanarsa da Alhaji mai tebur, yana dariya, ni ba na iyawa.

Jiya ya durƙusa ya ce in sa masa albarka zai bi abokansa Agadas, daga can sai inda hali ya yi. Na buɗe baki in hana shi, na rasa abin da zan ce ya zauna ya yi. Na ce sai na ji daga gare ki. Ke kika haife shi, Yaya, in kina da abin faɗa masa ki faɗa, ni nawa ya ƙare.

Ki gaida Malam Abdulbaqi da Husaina. Nana Hauwa na gaishe ki.

Ƙaninki,
Ashafa