Ƙyallen Tsakiyar Bargo

Gazawa

Zuwa ga Yaya Maimuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarin haƙuri? Ya maigida da yara?

Yaya, tun da na dawo daga sadakar arba'in na kasa zama wuri ɗaya. Salima maƙwabciyata ta sa ni cikin wani gurup na Watsap, mata ne teloli daga Maraɗi har Damagaram. Kowace Juma'a shugabar takan turo hoton ɗan ɗinki kamar tafin hannu, kowa ta yi irinsa da ƙyallayen da take da su. Wani tauraro, wani sawun kaza. A ƙarshe kowa ta haɗe nata su zama bargo. Na farkona a karkace ya fito, suka yi ta dariya, ni da nake taka keke tun ba a haifi wasunsu ba.

Saura na tsakiya. An ce kowa ta yanko daga tufar wanda take ƙauna, ta ɗinka sunansa a kai. Don Allah ki ba Ayuba direba mai zuwa nan garinmu Gazawa ko ɗankwali ɗaya daga kayan ɗiyarki.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Ummuhani

Cadakori

Ummu,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya, haƙuri kuwa ya zama dole.

"Ɗiyarki" kinka rubuta. Har yau? Ke kinka haihi Rufaida, ni riƙo anka ba ni da anka yaye ta. Na san ɗiyar fari ce, na san kunya, ba baƙuwa nike ba. Amma har ta girma, har ta koma ga Mahaliccinta, ba ki taɓa kiran sunanta ba, sai "ke", sai "waccan". Ranar da anka hita da ita mata na kuka, ke kina bakin murhu kina tambaya ko tuwo zai ishi baƙi. Raina ya ɓaci ranar, kuma bai gyaru ba. Yanzu kayanta za ki sa ma almakashi don 'yan waya su yaba miki?

Kayan mun yi sadaka da su.

Wassalam,
Maimuna

Gazawa

Yaya,

Ina gaisuwa. Takardarki ta iso, na kuma ji zafinta.

Abin da idonki ya gani gaskiya ne. Amma kin san gidanmu. Inna ko kallon yarinyar ba ta yarda in yi gaban mutane ba. Bakin murhu kuwa na zaɓe shi ne saboda hayaƙi. Nan kaɗai mace irina za ta zubar da hawaye a ce ɗanyen itace ne.

Ba yabo nake nema ba. A gurup ɗin ba wadda ta san ita ce ta fari, ba wadda za ta ce na yi rashin kunya. Wurin nan ne kawai ya rage mini in zama uwarta. In babu ɗankwali, ko bakin zane ne ina so.

Allah Ya bar zumunci.
Ummuhani

Cadakori

Ummu ƙanwata,

Salama da gaisuwa. Na karanta, na yi kuka har maigida ya leƙo.

Abu guda na hana a bayar: zanen goyon da kinka kawo mini ita ciki. Ga shi nan hannun Ayuba.

Akwai maganar da na ɓoye miki. Tana kwance a gidan likita ta tambaye ni ko kin taɓa faɗin sunanta, ko da a bayan idonta. Na ce mata kullum. Ta yi murmushi. Har yau ban sani ba ko ƙarya na yi ma mai mutuwa.

Allah Ya jiƙanta.
Yayarki

Gazawa

Yaya,

Gaisuwa. Zanen ya iso, na yanka, na ɗinka.

Ba ki yi mata ƙarya ba. Kowace sallah, cikin sujada, inda ba mai ji.

Jiya na tura hoton a gurup, suka ce wace ce? Na danna wurin ɗaukar sauti na faɗa da muryata: Rufaida, ɗiyata. Daga Maraɗi har Damagaram an ji. Ita kaɗai ce ba ta ji ba.

Sai wata rana.
Uwar Rufaida