Ni da 'Yar Isfara a Ɗaki Ɗaya

Litinin, 28 ga Agusta
Na iso. Kwana da wuni a mota daga yankinmu na Batken, ƙafafuna duk sun kumbura. Kwalejin 'yar ƙarama ce, gini huɗu a gindin dutse bayan garin Bishkek, ɗalibai ba su kai ɗari uku ba. Gulsara-eje ta ofishin karɓar ɗalibai ta gane ni tun ban faɗi suna ba: "Nurzada mai lissafi, kin zo?" Wai ta tuna ni tun ranar ganawa. Tallafin da na samu ya ɗauke kuɗin karatu da na ɗaki, abinci kawai ke kanmu. Sharaɗin ɗaya ne, kada makina ya faɗi.
Ɗakin na mutum biyu ne. Ɗayar ba ta zo ba tukuna.

Talata, 29 ga Agusta
Ta zo. Sunanta Manizha, daga Isfara. 'Yar Tajik.
Duk faɗin makarantar nan da ita aka ga damar haɗa ni. Garinsu na tsallaken iyaka, kogi ɗaya muke sha, kuma ta wajensu wutar yaƙi ta zo mana bara. Ta miƙo hannu, ta ce da Rashanci, "Ashe maƙwabta ne mu." Na ce kaina na ciwo.

Alhamis, 31 ga Agusta
Gulsara-eje ta ce ba a canja ɗaki sai gado ya samu. Akwai na mutum ɗaya, amma da ƙarin kuɗi. Mu da ko rufin gidanmu da ya ƙone ba mu gama ba.
Na kira gida. Yayana Tilek, wanda tun faɗan da sanda yake tafiya, ya ce kada in ci komai daga hannunta. Apa, mahaifiyata, ta karɓe wayar: "Karatu muka tura ki ko gadin iyaka?"

Laraba, 6 ga Satumba
Tattalin arziki na zo karanta, amma a nan 'yan shekarar farko sai sun taɓa komai: rubutu, tarihi, lissafi, har zane. Ajin rubutu mu goma sha biyu ne kewaye da tebur ɗaya, babu wurin ɓuya. Malamin, Ermek-agai, ya kalle ni ya ce, "Ke me kike gani?" Shekara goma sha ɗaya ina makaranta ba wanda ya taɓa tambayata haka. Na ce ban sani ba.

Asabar, 16 ga Satumba
Yau shekara guda da faɗan. Ban fita ba. Ita ma ba ta fita ba.

Talata, 3 ga Oktoba
An dawo mana da rubutun farko na Turanci. Nawa ja ya fi baƙi yawa. In na ci gaba a haka tallafin ya tafi, sai gida. Manizha ce ta fi kowa. Amma da rana na shigo na tarar da ita ta kifa kai a kan takardar lissafi, kafaɗunta na rawa. Na ɗauki littafina na fita.

Alhamis, 12 ga Oktoba
Sabon aiki: kowa ya rubuta labarin inda ya fito, ya ba abokin ɗakinsa ya gyara kafin a miƙa. Na tsaya bayan aji na ce, "Agai, a ba ni wata." Ya ce, "Ba so na ce ki yi mata ba, gyara na ce."

Talata, 17 ga Oktoba
Na karanta nata.
A kan yayarta ta rubuta. Mijin yayar direban motar kaya ne, ya fita ranar da aka fara harbi don kwaso mutanen ƙauyensu, bai dawo ba. Yayar na da ciki wata bakwai. Sun kwana uku a gonar itatuwan afirikot da tsohuwar kakarsu, kamar yadda muka kwana a makarantar Batken.
Ban taɓa tunanin su ma gudu suka yi ba. Wallahi ban taɓa ba.
Na nemi kuskure ko ɗaya in ja masa layi, ban samu ba.

Laraba, 18 ga Oktoba
Ta dawo mini da nawa, ta gyara kowane layi da fensir. A shafi na biyu ta kewaye kalmar "su" sau tara, ta rubuta a gefe: su wa?
Na ce, "Kin fi kowa sani."
Ta ce, "Ni ce? Ko kakata?"
Na ce ta je ta tambayi ƙafar yayana. Ta ce in je in tambayi jaririn yayarta. Mun ɗaga murya har 'yan ɗakin kusa suka buga bango. Daga baya ta zauna bakin gado ta ce, "Labarinki ya fi nawa ƙarfi, Nurzada. Wurin da mamanki ta koma cikin hayaƙi ta kwance saniya. Shi za ki rubuta, ki bar jawabin."
Haushin da na ji, gaskiya ta faɗa.

Juma'a, 27 ga Oktoba
Ermek-agai ya sa na karanta wurin saniyar a gaban aji. Da na gama sai wani ɗan Bishkek ya ce, "To saniyar ta rayu?" Ta rayu mana, har ta haihu.

Alhamis, 9 ga Nuwamba
Na ce wa Manizha ba na son a yi mini alheri in kasa ramawa, ta kawo lissafin. Ashe ba kanta ne ba ya ja ba, tsoro ne. Da ta ga kaso sai ta rufe ido kamar an nuna mata allura. Kullum bayan abincin rana muna yin awa ɗaya.

Lahadi, 19 ga Nuwamba
Apa ta aiko da busasshen afirikot. Manizha ta ɗanɗana ta ce, "Ba laifi, kun kusa kamo namu." Na ce nasu ai tumaki muke ba wa. Ta dafa shinkafa da karas irin tasu a ɗakin girki na ƙasa. Na ci faranti biyu.
Ban gaya wa Tilek ba.

Litinin, 4 ga Disamba
Gulsara-eje ta ce gado ya samu a wani ginin. Na ce ta ba wata.

Juma'a, 15 ga Disamba
Sakamako ya fito. Na haye rubutu, tallafina na nan. Ita ma ta haye lissafi da ƙyar, ta yi ta tsalle a kan gado har katako ɗaya ya karye. Mun tokare shi da littafin tarihi.

Laraba, 20 ga Disamba
Ta tafi hutu da safe. Iyakarmu a rufe take, sai ta zagaya ta Uzbekistan, kwana biyu a hanya. Ni kuwa in na isa gida, daga kan tudun bayan gidanmu ina hango hayaƙin garinsu.

Alhamis, 21 ga Disamba
Yau aka zaɓi darussan zango na biyu. Dole kowa ya ɗauki harshe ɗaya. Kowa na rububin Jamusanci da Sinanci, ni na rubuta Farisanci, mu huɗu ne kawai. Malamar ta ce kusan abu ɗaya ne da yaren Tajik, ta tambaye ni dalili. Na ce ƙarfe goma sha ɗaya ake yi, shi ya dace da jadawalina.
Haka ne kuma, ya dace.
Har yanzu Manizha ba ta ce ta isa ba. Na duba wayar sau shida.