Ɗakin da Na Ƙera Miki a Bayan Lori

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan ƙasar Rabig ta yi miki sauƙi. Daga unguwar Hindawiyya ta Makka nake rubuto miki, a kan bencin aikina. Kowa lafiya a gida, ni ne dai ban warke ba.

Kin san ni da aikin hannu. Tun ina ƙera shugdufu, ɗan ɗakin nan da ake ɗora wa raƙumi alhazai su zauna ciki, har motoci suka kashe mana kasuwa na koma yi wa lori jiki. Duk Makka Najjar ake ce mini, wato kafinta. Ke kuwa "mai zarton nan" kike cewa, don ni ne ɗan fari, kuma tun da muka baro Katsina a ƙafa ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ko ruwa kike so, sai dai ki ƙwanƙwasa kwano da zobenki har in waiwayo. Ina yaro haushi abin yake ba ni, da na girma ya koma ba ni dariya.

Shekara da shekaru kina maganar ziyarar Madina. Da na samo mana wuri a lori, sai kika ce a fasa. Tarin nan ya riga ya kama ki, fitsari kuma ba ya jiran ki. Ba za ki zauna cikin maza suna jin kakinki, suna kau da kai in kin jawo kasko ba. "Ni ban saba a ji ni ba," haka kika ce.

Na ce to, yau sana'a za ta yi rana. Na roƙi direban ya bar mini kusurwar gaba ta bayan lorin. Na kafa katako ninki biyu, na cusa auduga da tsumman buhu a tsakani, na lulluɓe cikin da tsohon bargo. Bakin ƙofar ma na bi shi da fata. Taga ɗaya na bari a sama, ba ta fi tafin hannu ba. Na shiga na rufe, direban ya tada inji, ƙugin ya zama kamar daga wata unguwa yake zuwa. Na yi tari da ƙarfi, ba wanda ya ji a waje. Inna, ranar har kirari na yi wa kaina.

Da kika gani sai kika shafa bargon, kika gaya wa maƙwabciya, ba ni ba, wai mai zarton nan ya iya aiki. Na ce a sa mace ɗaya ta zauna da ke, kika ƙi.

Kwana na biyu a hanya, da hantsi, rana ta buɗe. Ina zaune a kan kaya, taku uku da ƙofarki, ina ta surutu da wani Bazazzagi kan itacen da gara ba ta ci. Sau biyu na kalli ƙofar. Na ce barci kike, kuma na san ba kya son a leƙa ki.

Da muka tsaya a garin Rabig don azahar, na yi sallama sau uku, shiru, sannan na buɗe. Zafi ya bugi fuskata kamar na tanda. Kina jingine, rai ya yi halinsa, hannunki mai zoben yana kan bango. Ƙwanƙwasawa kika yi ta yi, a kan audugar da na cusa da hannuna.

Bayan mun rufe ki, wata tsohuwa 'yar Damagaram, wadda ta jingina da ƙofarki tun safe, ta zo yi mini gaisuwa. Ta tambaye ni ko Haruna sunan marigayi mijinki ne. Ta ce ta ji kina faɗarsa ta ƙasan ƙofa, inda fatar ta ɗan ɗage, sau uku ko huɗu. Ta duba motar, ba ta san wani Haruna ba, sai ta ɗauka sambatun barci ne.

Ban ga laifinta ba. Na ƙarasa Madina, amma ban san abin da na gani ba. Kullum ina tuna irin wuyar da kika sha kafin ki yarda ki furta sunan nan. Tun ina yaro nake jiran in ji shi, ranar da kika faɗa kuma ni ne na toshe hanya. Wannan ya fi mutuwar kanta cin raina.

Har yanzu ana kawo mini aikin irin ɗakin nan, attajirai na son sa don matansu. Ina yi, amma sai na buɗa tagar, na bar rata a ƙasa, na zura igiya mai ƙararrawa zuwa waje. Suna cewa aikina ya lalace, ƙara na shiga. Ba na yi musu musu.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata makwancinki, ya sanyaya shi, ya sa Aljanna ce makoma. Ki yafe mini. Ban amsa miki ranar ba, shi ya sa na rubuto.

Na'am, Inna. Ga ni.

Ɗanki,
Haruna