Gayya a Gidan Alhaji Mumuni

Gidan Rumji,
Oktoba, 1992

Zuwa ga ƙanena Rashidu, a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka a baƙon wuri, ya sa albarka a neman da ka fita. Mu nan da sauƙi. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, amma bakinta lafiya lau, kullum faɗa take ka manta da ita. Shatu ta koma lakol, yau a buɗe gobe a rufe saboda yajin malamai. Gari ya cika da tutocin jam'iyyu, har masu tallan goro sun zama 'yan siyasa. Ni dai na gaji, Rashidu, irin gajiyar da barci ba ya kore ta, shi ya sa na zauna in faɗa maka abin da ya same mu.

Ka san maigidana, Baban Shatu, ya daɗe yana kula da gidan Alhaji Mumuni, ɗan kasuwar nan da ya fi zama Yamai. Ɗakin da muke kwana a bayan gidan na aikin ne, in aikin ya tafi ɗakin ya bi shi. Alhaji ya ga shimfiɗar ciyawa a gidajen manya a Yamai, wadda suke ce wa gazon, ya ce shi ma sai an yi masa a tsakar gida. Ba wata aba ba ce illa kiri-kiri, wadda muka tashi muna yaƙi da ita a fadama. Daga bakin gulbi Baban Shatu ya riƙa cirowa yana dasawa, yana ban ruwa da garwa rani da bazara, har ta rufe ƙasa ta yi kore shar. Tun ina yi masa dariya har na daina, don da ita muke ci.

Wahalarta duk a damina take, lokacin da aya-aya da tsidau da ƙarangiya ke tsirowa a cikinta. Ba a sa mata hauya. Sai ƙasa ta jiƙe ya tsuguna da guntuwar wuƙa, yana bin su ɗai-ɗai. Aya-aya sai ya tono ƙwayarta, in ba haka ba ta dawo da 'yan'uwanta. Tsidau kuma kafin ya yi ƙaya ake cire shi. Wani mai sayar da maganin feshi daga Najeriya ya taɓa lallashinsa, ya ƙi, ya ce magani bai san ta Alhaji da ta Allah ba, duka zai ƙone.

To bana da ruwa ya zauna sai kurkunu ya fito masa a idon sahu. Ƙafar ta kumbura, ko bayan gida sai na riƙe shi. Yana kwance yana hango tsakar gidan ta ƙofa, ciyayi na hawa kan aikinsa. Ana cikin haka direban Alhaji ya kawo saƙo cewa Alhaji ya shiga takara, zai zo da manyan jam'iyyarsu daga Yamai, kuma a kan gazon za a jera musu kujeru. Na gwada tsugunon da kaina, bayana ya ƙi, kuma abin da na cire da safe kamar ban taɓa ba. Sai na yi abin da kowace 'yar gidanmu za ta yi, na aika Gidan Sori wurin Kawu Mudi, ƙanen Inna, na roƙi gayya. Ban gaya wa Baban Shatu ba, na so ya tashi ya ga an share masa hawaye.

Suka zo a amalanke ranar da zan kai shi likita a wanke ƙafar. Na tari Kawu a ƙofa, na ce masa a cire mugayen kawai, a bar abin da aka shuka. Ya dube ni ya ce tun ba a haife ni ba yake noma, ba ni zan koya masa bambancin shuka da ciyawa ba. Ka san Kawu. Na bar musu fura da goro, muka tafi.

Da muka dawo bayan azahar na ga ƙasa ja fes, daga ƙofar zaure har bakin rijiya. Sun jeru da hauyoyinsu kamar a gonar gero sun kwashe kiri-kirin kaf. Da yake sun san halinta, ba su bar ko saiwa ba, sun bi sun tono, sun loda wa amalanke za su kai wa awaki. Abin da suka bari shi ne tafasa da lalo da 'yar yakuwar da suka fito da kansu, har sun tara musu ƙasa a gindi. A wurinsu abin da ake miya da shi ne mutum zai shuka. Kawu yana share gumi ya ce bai taɓa ganin gidan da kiri-kiri ta ci irin wannan ba, da an ƙara shekara sai ta shiga ɗaki. Ko tuwon da na bar sallahu a yi musu ba su tsaya ci ba, suka ce a bar wa mara lafiya.

Baban Shatu ya dafa kafaɗata ya daɗe yana kallo. Ya yi musu godiya, ya sa musu albarka, ya ce in kai shi ɗaki. Har yau bai ce mini me ya sa ba, kuma da ya yi faɗan da na fi samun sauƙi.

Mun yi ƙoƙarin gyara. Ina zuwa gulbi in ciro, shi kuma yana ja da gindi yana dasawa, amma ruwa ya riga ya ɗauke, kuma abin da aka yi shekaru ana reno ba ya dawowa a 'yan kwanaki. Alhaji ya zo da baƙinsa, aka jera kujerun a kan ƙasa tsakanin tafasa da lalo. Bai ɗaga murya ba. Bayan sun tafi ya aiko direba ya ce ya samo wani mai kula da gidan daga Maraɗi, mu kuma ya ba mu zuwa a gama ɗaurin gero mu tashi. Ban ga laifinsa ba, ba shi da lokacin jin labarin gayya, ƙuri'a yake nema.

Roƙona ke nan, ƙanena. Ɗakin da ka gina a gida ka kulle, ka ba mu aronsa mu fake kafin Allah ya kawo mafita. Ka aiko wa Inna da izini ta hannun duk wanda zai zo, don ba za ta buɗe ba sai da bakinka. Kayanka zan adana su wuri ɗaya. Kuma don Allah ko ka zo kada ka gaya wa Kawu, har yanzu yana zaton Alhaji ne ya yi butulci.

Makon jiya Baban Shatu ya matsa sai na kai wa Kawu goron godiya, tunda haka ake yi bayan gayya. Kawu ya ji daɗi, ya ce surukinsa ba zai zauna ba gona ba, ya ba shi aron wani yanki a fadamarsa. Sai dai ya ce kiri-kiri ta cinye wurin, zai sha aiki kafin ya raba ta da shi. Da na dawo na faɗa masa, sai ya ce in na shiga kasuwa in nemo masa ƙotar hauya.

Inna na gaishe ka, Shatu na gaishe ka, haka ƙanwarmu Habi da yaranta. Baban Shatu ya ce in gaishe ka da kyau. Ka gaida abokinka Ubaidullahi in kuna haɗuwa, da maigidan da ya sauke ka. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Zulai